Sana'ar da Ba a Yin Ta a Kaɗaice: Yadda Masu Jinya da Kiɗa Ke Ƙaro Ilimi ta Intanet

A watan Yulin 2020 aka tsara birnin Pretoria na Afirka ta Kudu zai karɓi baƙuncin babban taron duniya na masu jinya da kiɗa. Shi ne karo na 16, kuma karo na farko da taron zai sauka a nahiyar Afirka. Duk bayan shekara uku ake yin sa: an yi a Koriya ta Kudu a 2011, aka yi a Ostiriya a 2014, aka yi a Japan a 2017. Ga ƙwararrun Afirka da kuɗin jirgi da wahalar biza suka sha hana su halartar waɗancan, wannan karon abu ya zo kusa da gida.

Sai ga annobar korona. A ƙarshen watan Maris aka kulle Afirka ta Kudu, jirage suka tsaya, jami'o'i suka rufe. Masu shirya taron, wato Jami'ar Pretoria da Tarayyar Masu Jinya da Kiɗa ta Duniya, WFMT, ba su soke shi ba, sai suka mayar da shi intanet. Mutanen da aikinsu na kullum shi ne zama ɗaki ɗaya da majinyaci, da ganga ko jita a hannu, sai ga su kowa a gidansa, ido a kan allon kwamfuta ko na waya, iyafis a kunne.

Wanda ba ya cikin sana'ar zai ga kamar rasa taro ɗaya ba wani abu ba ne. To amma a wannan aiki, ƙaro ilimi da tuntuɓar abokan sana'a na cikin sharuɗɗan ci gaba da taɓa majinyaci. Ga shi kuma su 'yan kaɗan ne, a warwatse cikin duniya. Shi ya sa labarinsu ya zama wuri mai kyau na auna abin da waya da intanet za su iya ɗauka, da abin da har yanzu ya fi ƙarfinsu.

Wace irin sana'a ce wannan?

Bahaushe idan ya ji an haɗa kiɗa da magani, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne garaya da goge a filin bori. Wannan daban yake. Jinya da kiɗa aikin asibiti ne, ɗan'uwan aikin masu gashin ƙashi da masu koya wa majinyaci magana. Ana duba majinyaci, a rubuta abin da ake son ya iya, a yi zama bayan zama, sannan a rubuta sakamako a fayil kamar yadda ake yi wa kowane magani.

Sana'ar ta tashi ne a Amurka a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da makaɗa ke zuwa asibitocin sojoji suna yi wa waɗanda suka dawo da rauni wasa. Da ma'aikata suka ga yadda marasa lafiyar ke amsawa, sai aka gane ana buƙatar mutanen da suka san kiɗa kuma suka san jikin ɗan Adam. A 1944 aka buɗe karatun digiri na farko a fannin a jihar Michigan, a 1950 aka kafa ƙungiyar ƙasa ta masu sana'ar, ita kuwa WFMT an kafa ta a birnin Genoa na Italiya a 1985.

Misali biyu sun isa su nuna yadda aikin yake. Masu cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwar jiki, takunsu yakan gajarta, wani lokaci ƙafa ta cije a ƙasa. A 1996 Michael Thaut da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Colorado suka buga wani bincike inda majinyata suka yi mako uku suna koyon tafiya a kan bugun kiɗa mai tsayayyen sauri, kuma saurin tafiyarsu ya ƙaru da kimanin kashi 25 cikin 100. Kunne yana ba ƙafa lokacin da ƙwaƙwalwa ta kasa ba ta.

Na biyu shi ne mutanen da magana ta ɗauke musu bayan shanyewar ɓarin jiki ko raunin kai. Da yawansu ba sa iya faɗin kalma, amma suna iya rera ta. A 1973 wasu masana a birnin Boston suka gina hanyar jinya a kan wannan, ana fara wa majinyaci da rerawa, a hankali a cire karin waƙar har ya koma magana. Gabby Giffords, 'yar majalisar wakilan Amurka da aka harba a kai a watan Janairun 2011, jinya da kiɗa na cikin abin da aka yi mata a wani asibiti a Houston lokacin da take sake koyon magana.

Takardar shaida mai wa'adi

A Amurka, wanda ke son shiga sana'ar sai ya gama digiri a makarantar da aka amince da ita, ya yi aƙalla awa 1,200 na aiki da majinyata a ƙarƙashin wani babba, sannan ya ci jarrabawar hukumar CBMT. Daga nan ne zai sa haruffan MT-BC a bayan sunansa. Sai dai takardar ba ta har abada ba ce. Duk shekara biyar sai ya kawo maki 100 na ƙarin ilimi, uku daga ciki a kan ɗa'ar aiki. A kwasa-kwasan da hukumar ta amince da su, minti 50 na karatu shi ne maki ɗaya. Wanda bai cika ba, haruffan za su faɗi daga sunansa.

A Birtaniya sunan sana'ar ma doka ce ke kare shi. Laifi ne mutum ya kira kansa da shi ba tare da rajista da hukumar HCPC ba, kuma sai da digiri na biyu ake samun rajistar. Ana sabunta ta duk shekara biyu, kuma a kowane zagaye hukumar kan zaɓi kashi 2.5 cikin 100 na masu rajista, ba tare da sun san wa za a zaɓa ba, ta ce su kawo hujjar karatun da suka yi. A Afirka ta Kudu hukumar HPCSA ce ke yi musu rajista, kuma Jami'ar Pretoria ta fara koyar da digiri na biyu a fannin tun 1999.

Matsalar ita ce yawansu. A Amurka, inda sana'ar ta fi ƙarfi, masu riƙe da MT-BC wajen dubu goma ne, a ƙasar da ke da nas sama da miliyan uku. Nas idan abu ya rikice masa, zai leƙa ɗaki na gaba ya tambayi abokin aiki. Mai jinya da kiɗa kuwa sau da yawa shi kaɗai ne a asibitinsa ko makarantarsa, wanda zai fahimci tambayarsa yana wani gari ko wata ƙasa. An ɗora masa dole ya ci gaba da koyo, amma ba a ajiye masa malami a kusa ba.

Me ya sa karatun ba ya ƙarewa?

Saboda abin da aka sani yana canzawa, kuma ba kullum yake canzawa ta inda ake so ba. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon wani babban gwaji da aka jagoranta daga birnin Bergen na Norway. An ɗauki yara 364 'yan shekara huɗu zuwa bakwai masu lalurar otizim, wadda ke wahalar wa yaro da magana da cuɗanya da mutane, a ƙasashe tara. Wasu aka bar su a kan kulawar da aka saba, wasu aka ƙara musu zaman kiɗa. Bayan wata biyar, ma'aunin da aka yi amfani da shi bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba a tsananin alamomin lalurar.

Sakamakon bai yi wa masu sana'ar daɗi ba, kuma ya jawo muhawara a kan ko abin da aka auna shi ne abin da ya kamata a auna. A shekarar kuma cibiyar Cochrane, mai tattara bincike-binciken lafiya tana tacewa, ta fitar da rahoton da ya nuna cewa masu ciwon damuwa da aka ƙara wa jinya da kiɗa a kan maganinsu sun fi samun sauƙi, aƙalla na ɗan gajeren lokaci. Ƙwararren da ya tsaya a kan abin da aka koya masa shekara goma da suka wuce zai ci gaba da yi wa iyaye alƙawarin da bincike bai tabbatar ba, ya kuma bar inda aikinsa zai fi amfani.

Akwai kuma batun cutarwa. Waƙar da ke kwantar wa wani hankali tana iya tono wa wani ranar da ya rasa ɗansa. Jariri bakwaini da ke cikin kwalba kunnensa ba ya jure ƙara, har likitocin yara na Amurka suka ba da shawarar kada hayaniyar ɗakinsu ta wuce desibel 45, wato ƙasa da ƙarfin hira ta yau da kullum. Kuskure a nan majinyaci ne ke biya.

Mujallar da aka haifa a intanet

Abu na farko da intanet ya sauƙaƙa shi ne karatu. A 2001, kafin a san Facebook ko YouTube, Brynjulf Stige na Norway da Carolyn Kenny suka fara wata mujalla mai suna Voices a intanet. Kyauta ake karanta ta, ba a kuma karɓar kuɗi daga marubuci. A fagen ilimi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin manyan mujallu kan sayar da maƙala guda a kan daloli masu yawa, kuɗin da ƙwararre mai zaman kansa ba zai iya biya duk mako ba. Daga baya wata mujallar, Approaches, wadda aka fara daga Girka, ta bi wannan hanya.

Amfanin bai tsaya a sauƙin kuɗi ba. Tun asali an ɗauki jinya da kiɗa a matsayin aikin mutum biyu a ɗaki rufe. To amma masu aiki a ƙauyukan Norway da unguwannin talakawa na Afirka ta Kudu sun ga cewa a wurarensu ba a raba majinyaci da danginsa da unguwarsa, kuma ƙofa ba ta rufuwa, ana fara kiɗa mutane za su shigo. A shafukan Voices aka yi muhawara mai zafi a kan wannan tun daga 2002, kuma a 2004 Mercédès Pavlicevic, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa karatun Pretoria, ta haɗu da Gary Ansdell na Birtaniya suka fitar da littafi a kan jinya da kiɗa ta cikin al'umma. Yau reshe ne da ake koyarwa a jami'o'i. Darasi ya tashi daga gefe ya shiga tsakiya, domin an sami wurin da na gefen zai yi magana a ji.

Taron da ba ya barci

Abu na biyu shi ne taro. Shekaru kafin korona, tun 2011, wasu masu sana'ar suka fara taron intanet da ake kira OCMT. Tsarinsa shi ne awa 24 a jere, lacca na bin lacca, yadda duk inda mutum yake a duniya zai sami wani ɓangare ya faɗo cikin ranarsa. Ana naɗar laccocin, wanda barci ko aiki ya hana shi sai ya kalla daga baya.

Ga mai halarta da waya, lissafin data ne ke yanke hukunci. Zoom ya ce murya kaɗai tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a sakan ɗaya, bidiyo mai matsakaicin kyau kuma kusan kilobit 600. Idan aka lissafa, awa ɗaya ta murya ba ta kai megabait 40 ba, ta bidiyo kuwa za ta ci kusan megabait 270 a saukewa kaɗai, ban da abin da kyamarar mutum ke turawa. Shi ya sa mai ƙaramar data kan kashe kyamararsa, ya saurara da murya, ya sauke takardun lacca daga baya idan ya sami Wi-Fi. Sai kuma agogo: Pretoria na gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya kacal, amma laccar ƙarfe biyu na rana a Vancouver a watan Yuli, ƙarfe goma na dare ce a Kano.

Abin da taron intanet ke rasawa shi ne hirar bayan fage. A taro na ido da ido, rabin amfanin yana wajen cin abinci ne, inda ɗalibi ke cin karo da wanda zai ɗauke shi aiki. A intanet, ana kashe kyamara kowa ya ɓace. Masu wayo kan rubuta sunan wanda tambayarsa ta burge su, su neme shi ta imel ko LinkedIn a ranar, kafin ya manta da su, su kuma faɗi takamaiman abin da ya sa suka neme shi. Saƙon gaisuwa zalla ba kasafai ake amsa shi ba.

Zaman duba aiki

Abu na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne wanda ba a gani daga waje. Mai jinya da kiɗa, komai daɗewarsa, ana so ya kasance yana da wanda yake kai wa aikinsa a duba. Kamar makaniki ne da ya buɗe garejinsa amma har yanzu yana kiran tsohon maigidansa idan mota ta gagara, sai dai wannan a tsare yake, da rana da lokaci.

A ɗauki misalin ƙwararriya da ke aiki da wani yaro da ba ya magana. Mako shida ke nan duk lokacin da ta ɗauki jita, sai ya juya mata baya. Ita a ganinta ta gaza. Ta naɗi minti biyar na zaman, da izinin iyayensa, ta kai wa mai duba aikinta. Shi kuwa da ya saurara sau biyu sai ya nuna mata cewa yaron yana buga ƙafarsa a ƙasa daidai da kiɗan, kuma duk lokacin da ta ƙara sauri sai ya daina. Ashe yana tare da ita, ita ce ke barin sa a baya. Irin wannan abu mai aikin ba ya ganin sa da kansa, domin hannunsa da kunnensa suna cikin kiɗan.

Zaman yana kuma kare shi kansa mai jinyar. Wanda ke rera wa mutane waƙa a gadon mutuwa, ko yake aiki da yaran da suka ga tashin hankali, kayan da yake ɗauka gida suna da nauyi. Rashin wanda zai sauke wa na cikin abin da ke kore mutane daga irin wannan aiki. A da, wanda ke zaune nesa da manyan birane sai ya yi tafiya mai tsawo kafin ya ga mai duba aikinsa. Yanzu kiran bidiyo na awa ɗaya ya wadatar, kuma wasu kan haɗa kansu mutum huɗu ko biyar daga garuruwa daban-daban, kowane wata ɗaya ya kawo matsalarsa. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Inda netwok ya gaza

Duk abubuwan nan uku magana ce da rubutu. Da zarar mutum biyu sun ce za su buga kiɗa tare ta intanet, sai lissafi ya canza. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin rera waƙa tare da wani a kiran WhatsApp ya san abin da ke faruwa: kowa na jiran kowa, waƙar ta yi ta ja da baya har ta watse.

Dalili shi ne jinkiri, kuma ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, ke nan mita ɗaya a duk milisakan uku. Makaɗa biyu da ke tsaye mita goma tsakaninsu suna jin juna da jinkirin milisakan 30, kuma kusan nan ne iyakar abin da ake iya jurewa a kiɗa mai bugu. Hira kuwa ta fi haƙuri. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba ba ya ɓata magana. An gina manhajojin kira ne a kan ma'aunin hira, wanda ya ninka na kiɗa sau biyar.

Kuma ba duka laifin kamfanin waya ba ne. Haske a cikin igiyar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Daga Johannesburg zuwa Landan kusan kilomita 9,000 ne, wato milisakan 45 ko da an ja igiyar a miƙe, alhali igiyoyin na zagayawa ta teku ne. Daga Kano zuwa Landan kusan kilomita 4,500 ne, milisakan 22 ke nan tun kafin wayar ta naɗi sautin, ta matse shi, ta tura wa eriya. Idan aka ƙara iyafis na Bluetooth, wanda shi kaɗai kan ƙara sama da milisakan 100, magana ta ƙare. Ba sabon tsarin data da zai gyara wannan.

Akwai matsala ta biyu. Manhajojin kira suna da tacewar da ke share hayaniya don murya ta fito fes, kuma a wurinta dogon sautin sarewa ko bugun ganga duk hayaniya ce, sai ta datse su. Zoom yana da maɓallin da ya kira Original Sound wanda ke kashe wannan tacewar, kuma a watan Satumban 2020, bayan koke-koken malaman kiɗa, ya ƙara wani saiti na musamman don kiɗa a manhajarsa ta kwamfuta. Wannan ya gyara kyan sauti, bai taɓa jinkiri ba.

Masu son bugawa tare da gaske sukan koma ga manhajoji irin su Jamulus, wadda wani Bajamushe mai suna Volker Fischer ya rubuta ya saki lambobinta kyauta, ko JackTrip da ta fito daga Jami'ar Stanford. Suna rage jinkiri sosai, amma da sharaɗi: a jona kwamfuta da wayar intanet kai tsaye ba Wi-Fi ba, a sa hedifon mai waya, kuma mahalarta su kasance ba su yi nisa da juna ba. Majinyaci da ke kwance a gida da ƙaramar waya ba zai cika waɗannan ba.

Don haka a lokacin kulle masu sana'ar suka canza aikin ya dace da na'urar. Maimakon a buga tare, sai a koma bayarwa da amshi, kamar yadda 'yan mata ke yi a gaɗa: ɗaya ta bayar, ta tsaya, ɗayar ta amsa. A wannan tsari jinkiri ba ya ɓata komai. Ko kuma majinyaci ya kashe makirufonsa ya bi kiɗan daga ɓangarensa, mai jinyar na kallon hannunsa da bakinsa. Wasu kan naɗi kiɗan su tura tun kafin zama, wani daga cikin 'yan gida ya zauna kusa ya taimaka. Kusan babu wanda aka koya wa waɗannan dabaru a makaranta. A laccocin intanet da zaurukan abokan sana'a suka koya wa juna cikin 'yan watanni.

Sirrin majinyaci a cikin aljihu

Bidiyon yaron nan da aka kai wa mai duba aiki bayanin lafiya ne, daidai yake da fayil ɗin asibiti. Waya kuwa an yi ta ne don ta raba abu. Yawancin wayoyi na ɗora hotuna da bidiyo kai tsaye a Google Photos ko iCloud idan an kunna ajiyar. Saƙon WhatsApp a kulle yake tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma ajiyar da ake yi a Google Drive ba ta samun irin wannan kulle sai mutum ya kunna shi da hannunsa, zaɓin da aka kawo a 2021. Kuma duk abin da aka tura zaure mai mutum hamsin, ya sauka a waya hamsin.

Ko a tsakiyar annoba ba a saki wannan layi gaba ɗaya ba. A watan Maris na 2020 hukumomin Amurka sun sassauta doka, suka bar ma'aikatan lafiya su ga majinyata ta Zoom, Skype ko FaceTime, amma suka hana Facebook Live da TikTok, kuma sassaucin ya ƙare a 2023. A Turai dokar GDPR ta sa bayanan lafiya a rukunin da ake tsananta wa tsaro, haka ma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023.

Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ba ta da wuya: izini a rubuce kafin a naɗa, a cire suna da duk abin da zai sa a gane mutum, a tura murya idan ba dole sai an ga fuska ba, a goge bayan an gama. A zauren jama'a ana tambaya a kan hanya, ba a ba da labarin majinyaci. A ƙaramin gari, faɗin shekarun mutum da ciwonsa da unguwarsa daidai yake da faɗin sunansa.

Ga mai sha'awa

Matashin da ke da kunnen kiɗa kuma aikin lafiya ke burge shi zai iya farawa yau da wayarsa. Voices da Approaches a buɗe suke. Cochrane na rubuta taƙaitaccen bayanin kowane rahoto cikin sauƙin Turanci. WFMT na da wakili na yankin Afirka da kuma sashen ɗalibai, kuma shafinta na sanar da tarurruka. Wanda ke karatun nas, gashin ƙashi ko koyar da yara masu buƙata ta musamman ya riga ya taka rabin hanya.

Sai dai a yi hattara da kwasa-kwasan mako biyu da ke yawo a intanet suna ba da takardar "warkarwa da sauti". Irin wannan takarda ba ta ba mutum rajista a ko'ina. Kafin a biya kuɗi, a duba ko hukuma irin su HCPC ko HPCSA ta amince da makarantar. Hukumomin nan, har da CBMT, suna da rajista a intanet inda kowa zai iya rubuta sunan mutum ya ga ko da gaske ƙwararre ne. Awannin aiki a gaban majinyaci, da babba na kallo, ba a sauke su a waya.

Masu rubuta manhaja ma akwai abin yi a nan. Ana buƙatar hanyar tura sautin zama ga mai duba aiki a kulle, wadda za ta goge kanta bayan wa'adi, ta kuma yi aiki a raunin netwok. Ana buƙatar manhajar bugu mai sauƙi da za ta yi aiki ba tare da data ba a kan waya mai araha. Sharaɗi ɗaya ne: a gina ta tare da mai sana'ar, domin saurin bugun da ya taimaki wani majinyaci yana iya kayar da wani.

A 2023 taron duniya ya koma ido da ido a Vancouver ta Kanada, aka kuma ba birnin Bologna na Italiya na 2026. A takarda, Afirka ta yi nata a 2020, laccoci sun gudana, mutanen da ba za su taɓa iya biyan kuɗin jirgi ba sun halarta daga ɗakunansu. Abin da bai faru ba shi ne wanda aka saba yi a irin wannan taro, inda ɗaruruwan mutane daga ƙasashe daban-daban ke cika zaure ɗaya su buga kiɗa a lokaci ɗaya. Wannan har yanzu nahiyar tana bin su bashinsa.